Tambaya da Amsa: Me Ya Kashe Taransiston?

Wasiƙun wannan watan kusan kukansu ɗaya ne: na haɗa wani kayan lantarki, ya yi aiki lafiya lau, rana tsaka wani abu a ciki ya mutu, na sayo sabo na sa, shi ma ya bi sahu. Mun zaɓo shida daga masu karatunmu na cikin garin Sakkwato. Abin da za ku ji muna ta maimaitawa shi ne, kayan da aka tarar a ƙone ba kasafai yake zama mai laifin ba, shi aka yi wa laifin. Wanda kura ta ci wa akuya, in ya sayo wata ya ɗaure a turken nan bai toshe ɓarakar danga ba, ya san abin da zai tarar da safe.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Na haɗa makunnin da ke kunna ƙwan ƙofar gida da kansa in magariba ta yi, da idon haske LDR, da taransisto BC547 da ke kunna rile mai 12V, wato makunnin da wuta ke sarrafawa. Ya yi mako guda lafiya, sai na wayi gari ƙwan ya ƙi mutuwa har rana ta take. Na canza taransiston ya gyaru, bayan kwana huɗu ya koma gidan jiya. Wanga abu ya ɗaure mini kai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Ka fara da tabbatar da irin mutuwar da taransiston ya yi, domin ita za ta nuna maka inda za ka duba. Cire shi daga allon gaba ɗaya, awo a cikin haɗi yana yaudara. Juya mitarka ta awon wuta zuwa alamar dayod, wato abin nan da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Ƙafafun taransiston uku ne, B, C da E: ɗora jar waya a ƙafar B, baƙar a ƙafar C, sannan ka mayar da baƙar ƙafar E. Lafiyayyen BC547 zai nuna tsakanin 0.6 da 0.7 a duka biyun, wasu mitocin kan rubuta shi 600 zuwa 700. In ka juya wayoyin, kada ya nuna komai, wato OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu a ƙananan mitoci. Sai awon da ya fi muhimmanci gare ka: tsakanin C da E. Nan ma bai kamata a ga komai ba ta kowace fuska. Muna kyautata zaton naka zai yi ƙara ko ya nuna lamba kusa da sifiri, ma'ana C da E sun narke sun haɗe. Shi ya sa rile ya kama ya ƙi saki.

To me ya narka shi? Ba yawan wutar da rile ke ja ba ne. Ƙaramin rile mai 12V, irin shuɗin nan mai ƙafa biyar, koyil ɗinsa kusan om 400 ne, wutar da yake ja ba ta wuce 30mA, BC547 kuwa yana ɗaukar har 100mA. Ɓarnar tana zuwa ne a lokacin kashewa. Koyil naɗin waya ne a jikin ƙarfe, kuma duk naɗin da wuta ke gudu a cikinsa, in aka datse ta farat ɗaya, sai ya mayar da martani da wata wuta mai ƙarfi wadda kan haura 100V na ɗan ƙiftawar ido. Iyakar abin da BC547 ke jurewa tsakanin C da E shi ne 45V. Ba lallai bugun farko ya kashe shi ba, cinsa yake yi a hankali, shi ya sa na farko ya kai mako.

Ba ka ambaci dayod a jerin kayanka ba, kuma nan maganar take. Nemi 1N4007, ka liƙa shi a kan ƙafafu biyu na koyil ɗin, kusa da rile ɗin sosai, gefen da ke da farin zobe yana fuskantar +12V. Ka dubi zoben nan sau biyu kafin ka ba da wuta. In ka sa shi a juye, dayod ɗin zai zame wa wuta hanyar tsallake koyil, taransiston ya ƙone nan take.

Akwai abu na biyu da ke ƙara wa irin wannan haɗi saurin mutuwa. Haske ba ya ɗaukewa lokaci guda da magariba, a hankali yake dushewa. A daidai kan iyakar nan rile kan yi ta kaɗawa, kar-kar-kar, yana kamawa yana saki, kuma kowace kaɗawa bugu ɗaya ne a kan taransiston. Ka tsaya kusa da shi gab da kiran sallah ka saurara. In ka ji haka, fara da duba ko hasken ƙwan yana komawa kan idon LDR ɗin, ka kare shi da guntun baƙin tiyo. In bai daina ba, maganin da muka fi yarda da shi shi ne a sa ayisi 555, ɗan haɗaɗɗen guntu mai ƙafa takwas, a tsakani, a haɗe ƙafarsa ta 2 da ta 6 wuri ɗaya a kai su mahaɗar LDR. Shi ba ya kunnawa sai wutar wurin ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na wutar batir, ba ya kashewa sai ta haura kashi biyu cikin uku, wannan tazarar ce ke hana kaɗawar. Kada kuma ka bar ƙafar B ba tare da rizisto mai taƙaita wuta ba, ko da na 1k zuwa 4.7k ne.

Gargaɗi kan sayayya: in ka je shago babu BC547, aka ce maka ga C945 duk ɗaya ne, aikinsu na iya zama ɗaya amma jerin ƙafafunsu ya sha bamban. In ka fuskanci gefen da ke da rubutu, ƙafafu suna kallon ƙasa, daga hagu BC547 yana tafiya C, B, E. C945 kuwa E, C, B ne, 2N3904 kuma E, B, C.

Tambaya: Injiniya, daga Mabera nake rubuto muku. Ina da Arduino, ɗan allon kwamfuta mai ba kaya umarni, da ɗan allon nuna rubutu da rile guda, ina ba su wuta daga batirin sola ta hanyar 7805, mai sauke wuta zuwa 5V. Da dare ba matsala. Daga ƙarfe ɗayan rana sai komai ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Na canza 7805 sau biyu, ko jabu ake sayar mini?

Amsa: Jabun kaya na nan a kasuwa, ba mu musa ba, amma mai yiwuwa waɗanda ka cire ɗin lafiyarsu ƙalau. 7805 yana da kariya a cikinsa: in zafin cikinsa ya kai wajen digiri 150, sai ya datse wuta da kansa, in ya huce ya dawo. Abin da ka kwatanta ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ga lissafin. Duk wutar da 7805 ya rage daga wadda ta shigo zuwa 5V, zafi take komawa. A ce kayanka suna jan 200mA. Da dare batir yana wajen 12.5V, saura 7.5V, a ninka da 0.2 ya ba da wat 1.5. Da rana, lokacin da sola ke caji, batirin kan hau har 14.4V, saura 9.4V, wato kusan wat 1.9. 7805 tsirara, ba a ɗaura shi a ƙarfen shan zafi ba, yana ƙara wajen digiri 60 a kan zafin wurin ga kowane wat. Da dare: 90 a kan 30, digiri 120, yana wahala amma yana tsaye. Da rana: kusan 113 a kan zafin ɗaki. Kai ka san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, inuwa ma kan haura digiri 40, balle cikin akwatin roba a ƙarƙashin rufin kwano. Jimillar ta wuce 150.

Don ka tabbatar, je ka same shi da azahar. Auna ƙafar shiga da ƙafar fita yayin da kayan ke aiki. In shiga tana 14V amma fita tana faɗuwa tana tashi, ka fifita shi da mafici ka ga ko zai daidaita. Kada ka dafa shi da yatsa kai tsaye. Ɗiga masa ɗigon ruwa a kan kunnen ƙarfen, ka kula kada ya gangara kan allo, in ya yi cuu ka samu amsarka.

Mafita biyu ce. Mai arha ita ce a ɗaura shi da kusa a jikin guntun alminiyom, a buɗe wa akwatin ramuka sama da ƙasa. Wadda muka fi so ita ce a cire shi a sa ɗan allon LM2596, domin shi sauya wutar yake yi maimakon ƙona rarar. Sai dai ka saita shi tukuna, shi kaɗai: ba shi wuta, ɗora mita a bakin fita, ka yi ta murza ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatin har ka ga 5V. Wani lokaci sai an yi zagaye goma ko fiye kafin lambar ta motsa. Wanda ya jona Arduino kafin ya saita, 12V zai tura masa. In ka ci gaba da 7805, ka tabbata akwai kondensa, mai tara wuta, 0.33µF a shiga da 0.1µF a fita, dab da ƙafafunsa, ka kuma ƙarfafa liƙin ƙafar tsakiya. In ita ta saki, wutar fita kan yi sama ta nufi ta batir, duk abin da ke bayanta ya tafi.

Tambaya: Malam, kondensa ta fashe mini kamar bindiga, ɗaki ya cika da wari. Taransifoma mai 12V ce, da dayod huɗu, da kondensa 1000µF mai 16V. Tunda 16 ta fi 12, ina kuskuren? Daga Runjin Sambo.

Amsa: Allah ya tsare gaba, da fatan ba ta taɓa maka ido ba. 12V da aka rubuta a jikin taransifoma matsakaicin ƙarfin wutar ne, kondensa kuwa tana cika ne har ƙololuwa, wato a ninka da 1.414. Hakan ya ba da kusan 17V, a cire wajen 1.4V da dayod biyu ke ci, saura 15.6V. Ka ga ka riga ka tsaya a bakin iyaka. Ƙaramar taransifoma kuma in ba ta ɗauke da kaya takan ba da 14V maimakon 12V, sai kondensar ta ga sama da 18V. In janareta ya yi sama da wuta, abin ya ƙara hawa. Mai 25V ta dace da wurin, mai 35V ta fi kwanciyar hankali.

Amma ba ka faɗa mana yaushe ta fashe ba, kuma lokacin yana da labari. In cikin daƙiƙu kaɗan da kunnawa ne, to ko dai ka sa ta a juye, ko ɗaya daga dayod huɗun ya haɗe yana barin wuta mai kai-da-komo ta isa gare ta. Layin da ke jikin kondensa yana nuna ƙafar −, ita ce kuma gajeruwar ƙafa in sabuwa ce. Dayod ɗin kuwa ka ɗaga ƙafa ɗaya ta kowanne ka auna: 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, babu komai ta ɗayar. In kuwa ta yi kwanaki ko makonni, ta kumbura a kai kafin ta fashe, to yawan wuta ne ko zafi. Sayi wadda aka rubuta wa 105°C, ka bar mai 85°C. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kwanakinta da rabi, don haka ka nisanta ta da duk abin da ke zafi a kan allon.

Tunda zancen kondensa ya zo: babbar nan da ke cikin caja ko talabijin, ta ɓangaren wutar gari, tana riƙe wajen 325V ko bayan an zare fulogi. A sauke ta da rizisto 10k mai wat 5 na daƙiƙa goma, a auna a tabbatar, sannan a kai hannu. Haɗa ƙafafunta da sukudireba yana ɓata ta, yana kuma watsa tartsatsi.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ina haɗa abin rage gudun fanka mai 12V da Arduino da taransisto IRFZ44N. Guda uku na ɓata a cikin hunturun nan. Biyu ba su taɓa aiki ba tun da na liƙa su, fankar gudu kawai take yi ba ta jin umarni. Na ukun ya yi aiki, ya yi zafi ƙwarai, ya mutu.

Amsa: Malama, kin yi kyau da kika rarrabe su, domin cuta biyu ce daban.

Biyun farko muna zargin wutar jiki ce ta kashe su, irin wadda ke ɗan cizon mutum in ya taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu. Iska in ta bushe, zama a kujerar roba, ko tafiya a kan leda, ko gogar mayafi da jiki, na iya tara dubban volt a jikin mutum. Mutum bai cika jin ta ba, amma ƙafar G ta wannan taransisto wata siririyar fata ce ta raba ta da sauran jikinsa, kuma 20V ce iyakarta. Ta huje, shi ke nan. Ki auna: in kin fuskanci rubutun, ƙafafun G, D, S ne daga hagu. Tsakanin G da S kada mita ta nuna komai ta kowace fuska, duk lambar da ta tsaya a wurin alamar hujewa ce. Tsakanin D da S kuwa, ki fara taɓa G da S tare don sauke cajin da ya rage, sannan jar waya a S, baƙar a D, za ki ga wajen 0.5 saboda dayod ɗin da ke cikinsa. In kin juya, babu komai. Ƙara ta fuska biyu na nufin ya haɗe, abin da ya sa fankar ke gudu ba birki.

Ki riƙa ajiye su a naɗe cikin takardar alminiyom, ba cikin leda ba. Kafin ki ɗauka, ki taɓa ƙarfen da ke da alaƙa da ƙasa, kamar famfon ƙarfe ko ƙarfen taga. Lokacin liƙi, ki ɗaure ƙafafun uku da siririyar waya, sai kin gama ki warware. Ki kuma tuhumi ƙarfen liƙinki: masu arha da yawa fulogi mai baki biyu gare su, kuma wuta kan yoyo zuwa tsininsu. In ya yi zafi, zare shi daga soket, ki liƙa da zafin da ya rage. Rizisto 10k tsakanin G da S, da wani mai om 220 tsakanin Arduino da G, su zauna a haɗin dindindin.

Na ukun zaɓin kaya ne ya kashe shi. IRFZ44N ba ya buɗewa sosai sai an ba G ɗinsa 10V. Yana fara motsi ne tsakanin 2V da 4V, don haka 5V ta Arduino buɗe shi take yi rabi-rabi, ragowar wutar ta zama zafi a jikinsa. Ɗan'uwansa IRLZ44N, mai harafin L, shi aka ƙera domin 5V. Fanka kuma koyil ce kamar rile, sai ki sa mata dayod a kan wayoyinta biyu, zobe yana fuskantar +. A nan 1N5822 ya fi 1N4007 dacewa, yana ɗaukar 3A kuma ya fi sauri.

Tambaya: Ina wasa da 555 mai sa fitila ƙyaftawa, na murza makunnin rage gudu har ƙarshe, sai ya tsaya cak, ayisin ya yi zafi. Daga Gawon Nama.

Amsa: Mun san inda ka sa makunnin, tsakanin + da ƙafa ta 7. A cikin ƙafa ta 7 akwai ɗan taransisto da ke zubar da wuta zuwa −. Da ka murza har ƙarshe, makunnin ya koma om sifiri, ka haɗa batir kai tsaye da ɗan taransiston nan. Jera rizisto 1k da makunnin, ka murza yadda kake so. Gwajin 555 mai sauri: ba shi wuta ta ƙafa ta 8 da ta 1, ka auna ƙafa ta 5. Ya kamata ta nuna kashi biyu cikin uku na wutar, wato 6V a batir mai 9V. In ta kauce nesa da haka ya mutu, ko da yake daidaituwarta ba ta wanke ƙafa ta 7. Nan gaba ka liƙa mazauni mai ƙafa takwas, ka riƙa cusa ayisin a ciki.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne a Arkilla, na kama wannan sana'a bayan ritaya. Fargabata kullum ita ce lokacin ba da wuta bayan gyara. Ko akwai dabarar da za ta hana sabon kaya ƙonewa in har cutar tana nan?

Amsa: Akwai, Baba, kuma tsohuwar dabarar masu gyaran rediyo ce. Kafin wuta, ku ɗora mita a kan om tsakanin + da − na allon. In lambar ta fara ƙasa tana hawa, kondensa ce ke cika, ba komai. In ta tsaya ƙasa da om goma a ƙaramin haɗi, akwai shot, wato + da − sun haɗe, kada ku kunna.

In wannan ya wuce, ku yanke wayar + ku jera ƙwan mota mai 12V a tsakani, ta yadda duk wutar da za ta shiga allon sai ta ratsa ta cikinsa. Mai wat 5 ba zai bar fiye da wajen 0.4A ta wuce ba, ya ishi ƙananan haɗi. Mai wat 21, irin na sigina, yana barin kusan 1.75A, don fanka da makamantanta. In haɗin lafiya yake, ƙwan zai ɗan yi walƙiya ya dushe. In ya kama da cikakken haske ya tsaya, cutar na nan, amma ƙwan ya shanye wutar, kun samu damar bin kayan ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa kuna neman mai ɗumi, ko kuna cire su bi da bi har ƙwan ya dushe. A kayan da ke shan wutar gari ma ana yin haka da ƙwai mai zare na wat 60, amma can ba a kai hannu sai an zare fulogi an sauke kondensa. Ƙwan LED da mai tanadin wuta ba sa wannan aikin, dole sai mai zare, ga shi ya fara wuya a kasuwa, in kun samu ku sayi biyu. Bayan an gama gwaji a cire ƙwan, a sa fiyus a gurbinsa dab da kan batir, wanda ya ɗara abin da haɗin ke ja kaɗan: mai 500mA ga haɗin da ke jan 300mA.